Hutun kwana biyar a kan keke cikin gandun daji mai tuddai: kilomita nawa a rana, wace giya, wane birki?

Sabon Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku ne muke shirin hutun kwana biyar a kan kekuna cikin wani gandun daji na ƙasa wanda kusan dukkansa hawa ne da gangara. A fili muna yin kilomita 80 a yini ba wata wahala, shi ya sa muka tsara 80 kowace rana, 400 ke nan gaba ɗaya. Amma da na zana hanyar a manhajar taswira sai ta nuna hawan mita 1,500 zuwa 1,800 a kowace rana, ni kuwa ban san ko wannan ya yi yawa ba.

Kekunanmu na titi ne. Farantan gaba masu haƙori 50 da 34, na baya daga 11 zuwa 28, faɗin taya milimita 28. Biyu suna da birkin faifai mai aiki da mai, ɗaya birkinsa irin mai kama rim ne. Kowa zai ɗauki kaya kamar kilo 12, a masauki za mu riƙa kwana, ba tanti. Saura wata biyu mu tashi. Don Allah masana ku duba mana: tsarin nan zai yiwu? Me ya kamata mu canza a jikin kekunan, kuma me ya fi ɓata irin wannan tafiya?

Ɗan Tudu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi kyan kai da ka tambaya tun yanzu, domin tsarin nan ya yi nauyi ƙwarai. A ƙasar tuddai ba da kilomita ake auna yini ba, da mitocin hawa ake aunawa. Ka raba hawan da nisan: mita 1,700 a kilomita 80 ya haura mita 21 a kowace kilomita. Ƙasa da 10 hanya ce mai sauƙi. Daga 10 zuwa 15 jiki zai ji amma ana tafiya. Idan ta kai 20, ta zama yinin tsauni sosai, wanda mai horo yakan yi sau ɗaya ya huta, ba sau biyar a jere da kaya a baya ba.

Ga dalilin a lissafe. Mutum mai kilo 75, keke 11, kaya 12, ruwa 2, kilo 100 ke nan. Ɗaga kilo 100 zuwa tsayin mita 1,000 yana cin ƙarfin da ya kai kilojul 981 (kilojul ma'aunin yawan aiki ne). Mahayi mai matsakaicin ƙarfi yana iya riƙe kamar wat 150 (ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke fitarwa) na sa'o'i, to da wannan ƙarfin hawan mita 1,000 zai ci masa kusan awa ɗaya da minti 50. Wato mita 550 zuwa 600 a awa, in ana lafiya.

Mutane da yawa suna cewa ai abin da hawa ya ci gangara za ta biya. Ba ta biya. Ka hau kilomita 5 da gudun kilomita 6 a awa, minti 50 sun tafi. Ka gangaro kilomita 5 da gudun 40, minti 7 da rabi. Kilomita 10 a kusan awa guda ke nan, alhali a fili da kun yi 20.

Hanyar ƙiyasin da za ta fisshe ku: ku raba kilomitocin da 20, ku raba mitocin hawa da 600, ku haɗa. Naku zai ba da awa 4 da kusan awa 3, wato kusan awa 7 ana taka feda. Ku ƙara awa biyu na ci, sha, duba taswira, hoto da faci, kun kai awa 9 a waje. Ranar farko za ku iya. Ranar ta uku ita ce matsala, lokacin da cinyoyi suka yi tsami, gindi ya fara ciwo a kan sirdi, sannan wanda ya fi rauni a cikinku ya fara zama a baya. Kuma gudun ayari na wanda ya fi jinkiri ne, da shi za ku yi lissafi.

Abin da zan ba ku shawara shi ne kilomita 50 zuwa 60 da hawan mita 800 zuwa 1,100 a rana. Ranar farko ta zama gajera, kamar kilomita 40 da mita 600, domin ranar ce ake gano jakar da ke gugar diddige da giyar da ke tsalle. Yini mafi nauyi ku sa shi a rana ta biyu, ko ta huɗu bayan an huta. Rana ta uku ta zama rabin yini.

Jimillar hawa kuma ba ita ce duk labarin ba. Mita 1,000 da aka shimfiɗa a kan tudu mai kashi 5 cikin 100, wato hawan mita 5 a kowace mita 100, daban take da mita 1,000 da aka yayyanka zuwa gajerun hawa goma masu kashi 15. Hawan Alp Duwez na Faransa, wanda ya yi suna a tseren kekuna, kilomita 13.8 ne a matsakaicin kashi 8.1, dogo ne amma ana samun taki ɗaya a riƙe. A gandun Lek Distirik na Ingila kuwa akwai mashigar Hadnot da wasu wurarenta suka kai kashi 30, gajera ce amma mai kaya sai ya sauka ya tura. Don haka ku buɗe zanen tsayin hanyar ku bi shi kilomita bayan kilomita, ku yi alama a duk inda ya wuce kashi 12. In taswirar takarda ce mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 ita ce kilomita 1. Idan tazarar layukan tsayi mita 10 ce, kuma hanya ta ratsa layi goma cikin santimita 2, kashi 10 ke nan. Inda layukan suka cunkushe har ba a iya ƙirga su, ku nemi wata hanya.

Manhajoji irin su Komoot, Strava da Ride with GPS ba sa ba da adadin hawa iri ɗaya a kan hanya guda, saboda kowace da yadda take lissafin ƙananan tudu. Ku tsaya a kan ɗaya, ku zana da ita wata hanyar da kuka riga kuka sani da ƙafafunku, sai ku san abin da lambobinta suke nufi a jiki. Ku kuma duba irin shimfiɗar kowane yanki, domin manhaja takan jefa mutum cikin turbar duwatsu don kawai ta fi gajarta.

Wani abu da ya kamata ku yi tunani a kai: ba dole ne ku canza masauki kowane dare ba. In kun zauna a wuri ɗaya ko biyu a cikin kwari kuna fita kuna zagayowa, kayan suna ɗaki, kuma ranar da sama ta ɓaci sai ku gajarta ba tare da fargabar rasa wurin kwana ba. Gandaye da dama suna da tsoffin hanyoyin jirgin ƙasa da aka mayar na keke, irin Monsal a gandun Pik Distirik na Ingila mai kimanin kilomita 14. Da yake jirgi ba ya son tudu, irin waɗannan hanyoyi kusan a kwance suke, sun dace da ranar hutu.

Wata biyun da suka rage sun isa horo. Fita uku a mako, ɗaya daga ciki a maimaita hawa tudu, sannan a makonni uku na ƙarshe ku yi kwana biyu a jere da cikakken kayan da za ku ɗauka. Makon tafiya a sassauta.

Bakaniken Keke ya amsa:

Ɗan Tudu ya gama da batun hanya, bari in shiga jikin keken. Malam Sabon Mahayi, giyarku ta yi tauri. Wannan shi ne abu na farko da zan canza, kafin komai.

Giyarku mafi sauƙi 34 a gaba ce da 28 a baya. Duk juyin feda ɗaya taya tana juyawa sau 1.2, kewayen taya kuma ya ɗan haura mita 2.1. In kana juya feda sau 60 a minti, wanda shi ne mafi ƙarancin da gwiwa take jurewa na tsawon lokaci, kana gudun kilomita 9 da 'yan kai a awa. A tudu mai kashi 12 da nauyin kilo 100, wannan gudun yana neman sama da wat 320. Mahayi na yau da kullum minti kaɗan zai riƙe haka. Abin da ke biyo baya shi ne juyin feda ya faɗo zuwa 40, mutum ya miƙe tsaye yana danna ta da dukkan nauyinsa, gwiwa ta ɗauki zafi, jijiyar cinya ta riƙe.

In kun sa na baya mai haƙori 34, juyin feda ɗaya ya zama juyin taya ɗaya, gudun ya sauko kusan 7.7, ƙarfin da ake nema kamar wat 270. Da sauƙi, amma da kaya har yanzu da saura. In aka canza farantan gaba zuwa 46 da 30, to 30 da 34 zai nemi kamar wat 235, 30 da 40 kuma kamar 200. Kekunan doguwar tafiya na asali sukan zo da 24 ko 26 a gaba da 34 ko 36 a baya, ba don masu su ragwaye ne ba, don an san abin da kaya ke yi a tudu. Mafi ƙarancin abin da zan yarda ku tafi da shi shi ne 34 da 34. In hanyarku tana da wurare da yawa sama da kashi 12, ku nemi abin da ya fi haka sauƙi.

Sai dai ba a sayen faifan haƙora kawai a ɗaura. Macanjin giyar baya yana da iyaka biyu. Ta farko, haƙori mafi girma da zai iya hawa: mai gajeren hannu yawanci 28 zuwa 30 ne, mai matsakaicin hannu yakan kai 34. Ta biyu, yawan sarƙar da zai iya tattarewa. Ana lissafa ta haka: babban gaba a cire ƙaramin gaba, babban baya a cire ƙaramin baya, a haɗa. Da 50 da 34, da 11 zuwa 34, zai zama 16 da 23, wato 39. Ku duba lambar da ke jikin macanjin ku nemi takardarsa, in bai kai ba a canza shi. Sarƙa ma sai sabuwa mai ƙarin tsawo. In ta gaza, ranar da gajiya ta sa mutum ya shiga babban gaba da babban baya lokaci guda, macanjin zai miƙe ya karye ko ya faɗa cikin wayoyin taya. Canza farantan gaba kuma yakan sa a sauko da macanjin gaba, wani lokaci ma sai an canza shi.

Ku auna tsufan sarƙa da ma'auninta. Mai giya 11 ko 12 a baya ana canza ta idan ta miƙe da kashi 0.5 cikin 100, mai 10 zuwa ƙasa idan ta kai 0.75. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifan da ya cinye tsalle take yi daidai lokacin da aka danna feda da ƙarfi, wato a tsakiyar tudu. Kuma a canza giya kafin tudu ya kama, ana sassauta ƙafa na ɗan lokaci. Yawancin sarƙoƙin da ke tsinkewa a hanya, canji ne aka yi ana kan danna feda.

Yanzu birki, wanda ya fi giya haɗari in an yi sake. Kilo 100 da ya gangaro mita 500 yana sakin kilojul 490. Tafasa lita ɗaya ta ruwa daga ma'aunin zafi 20 kilojul 335 kawai take ci. Iska tana ɗauke wani kaso, musamman in ana gudu, sauran duk birki ne yake mayar da shi zafi. Wanda ya riƙe birki a hankali tun daga sama har ƙasa, shi ya fi tara zafin nan, domin bai bar iska ta taimaka ba kuma bai ba ƙarfen damar hucewa ba. A birkin faifai, takalmin birkin yakan yi santsi kamar gilashi, ko man ya tafasa, ka ja hannun birki ya tafi har jikin kan keke ba abin da ya kama. A birkin rim, zafin yana shiga rim ɗin, iskar cikin tub ta kumbura, taya tana iya fita ko ta fashe. Rim na kabon ya fi na alminiyam wannan matsala.

Yadda ake yi: a ja birki da ƙarfi na daƙiƙa uku zuwa biyar a rage gudu sosai, a saki ya sha iska, a maimaita. A gama rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayarwa, a ja shi a hankali ana ƙarawa, jiki ya koma baya a kan sirdi, hannuwa a ƙasan lanƙwasar kan keke inda yatsu suka fi kama birki. A doguwar gangara mai tsanani, a tsaya duk bayan saukar mita 300 ko 400 a ba shi minti biyar. In an ji ƙauri ko birki ya fara laushi, a tsaya nan take. Kada a taɓa faifan da hannu, yana ƙuna.

Kafin tafiya a zare takalman birki a duba. In abin da ya rage bai fi milimita 1 ba a canza, kuma kowa ya riƙe guda biyu a jaka, domin ruwa da yashi suna iya cinye su cikin kwana biyu. Faifan birki kada ya gaza milimita 160 a faɗi, mai nauyi ya sa 180 a gaba in keken ya yarda. Mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce yake a jikinsa, na kamfanin Shimano milimita 1.5 ne. Sabon takalmi sai an zaunar da shi: a kai gudun kilomita 25, a ja birki har a dawo tafiyar ƙafa ba tare da tsayawa cak ba, sau 15 zuwa 20. Man birki iri biyu ne, akwai na ma'adini akwai DOT, ba a haɗa su, wanda aka rubuta a jikin birkin shi za a zuba. Mai birkin rim ya duba ko gefen rim ɗin ya rarake, ya sa sababbin takalma da sabuwar waya, ya kuma sani cewa a cikin ruwa juyin taya na farko share ruwa kawai yake yi.

Taya: in akwai wuri, ku koma milimita 32, a bar tazarar aƙalla milimita 4 tsakaninta da jikin keke. Da nauyin kilo 100, iskar 60 zuwa 65 a ma'aunin famfo na PSI ta isa, ta baya ta ɗan fi ta gaba. In iska ta yi yawa keke yana tsalle a kan tsakuwa, in ta yi kaɗan rim ya cije tub a bakin rami ya yi huda biyu.

Abin da za ku riƙe: tub biyu kowa, kayan faci, famfo, alanki mai baki da yawa, abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa da ya dace da adadin giyarku, ɗan man sarƙa. Sai ƙaramin ƙarfen nan da ke riƙe macanjin baya a jikin keke. An yi shi ne don ya lanƙwashe in keke ya faɗi, kuma kusan kowane keke da irin nasa, ba a samunsa a ko'ina. Notocin kariyar ɗaura kaya a ɗaure su da maganin hana kwancewa, a sake duba su kowace safiya. Duk gyaran nan a gama shi saura mako biyu, a hau keken sau uku ko huɗu, domin sabuwar waya tana miƙewa.

Uwar Tafiya ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Na yarda da duk abin da aka faɗa kan giya da birki. Inda nake so a yi hattara shi ne batun rage kaya, domin da an ji maganar tudu sai a fara zubar da abubuwa, rigar sanyi da ta ruwa su ne kan gaba. In jimillar nauyi kilo 100 ce, kilo ɗaya yana ƙara kashi 1 cikin 100 ne kawai na lokacin hawa. A hawan mita 1,000 bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba. Rigar ruwa mai kyau ba ta kai rabin kilo ba. A rage takalma na biyu da tarin tufafi, kilo 12 zai dawo 8 ko 9 ga mai kwana a masauki, amma kada a taɓa kayan sanyi.

Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Mutum ya iso ƙololuwa jiƙe da gumi, sannan ya gangara minti 20 ba ya taka feda, iska tana dukansa da gudun kilomita 40. A nan yatsu suke sandarewa har su kasa jan birki, jiki ya ɗauki karkarwa, karkarwar ta shiga kan keke. Don haka da an kai sama, kafin a ji sanyin, a sa rigar iska da safar hannu mai rufe yatsu. Kada rigar ciki ta zama ta auduga, tana riƙe gumi. Fitila ta gaba da ta baya dole ne ko da rana za a yi tafiyar, saboda hazo da hanyoyin da suka ratsa cikin dutse. A wurare masu tsauni hadari ya fi tasowa da yamma, shi ya sa ake sammako a ƙetare wuri mafi tsayi kafin azahar. In hanyar ta haura mita 2,500, ƙarancin iska yana iya kawo ciwon kai da kasala, sai an ba jiki kwana ɗaya ko biyu ya saba.

Yadda aka ɗaura kayan ma yana da muhimmanci. Mai nauyi ya zauna ƙasa kusa da tsakiyar taya, ɓangarorin biyu su yi daidai. In duk nauyin yana baya, gaban keke yakan ɗaga a tudu mai tsanani, a gangara kuma yakan kama rawa. In ya fara rawar, kada a ƙanƙame kan keken. A matse sandar sama da gwiwoyi, a ɗan ɗaga daga sirdi, a rage gudu sannu a hankali.

Ci da sha: giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita, da ɗan gishiri in ana zafi. A fara ci tun awa ta farko, kada a jira yunwa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar tudu, ƙafafu suka mutu, ido ya fara ganin duhu, zai ɗauki kusan rabin awa kafin abin da ya ci ya dawo da shi. A cikin gandun daji ana iya yin kilomita 30 ba wurin sayen komai, wuraren da ke akwai kuma wasu ba sa buɗewa sai a lokacin baƙi. Ku sa alamar wuraren ruwa a taswira tun daga gida. Ruwan rafi, ko ya yi garau, sai an tace ko an sa masa magani, domin ba a san abin da ke kwance a samansa ba.

Sai doka, wadda ake yawan mantawa. Ganin turba a taswira ba ya nufin an yarda keke ya bi ta. A Ingila da Wels, dokar 1968 ta ba mai keke damar bin hanyar dawakai, amma ban da turbar masu tafiya a ƙafa. A Sikotilan dokar 2003 ta buɗe yawancin filaye ga kowa muddin ya kiyaye. A gandayen Amurka yawanci titin mota ne da hanyoyin da aka keɓe kawai, yankunan da aka ayyana a matsayin dajin da ba a taɓawa kuwa an hana keke gaba ɗaya. Ku shiga shafin hukumar gandun da za ku je ku duba izinin shiga, hanyoyin da aka rufe, da ko akwai sa'o'in da ake hana kekuna wani titi. Dabbobi ma da ƙa'idarsu: a gandun Yelosuton na Amurka an ce a bar tazarar mita 23 da ɓauna, mita 91 da beyar da kyarkeci. Inda ake kiwo, a rufe duk ƙyauren da aka buɗe, a rage gudu kusa da garke, musamman shanu masu 'yan maruƙa. Ƙarafan nan da ake shimfiɗawa a titi don hana dabbobi wucewa, a hau su a miƙe, ba birki ba karkata, in sun jiƙe a sauka a tura.

A cikin kwari sau da yawa waya ba ta da sabis. A sauke taswirar a wayoyi biyu aƙalla, a riƙe ta takarda, da batirin caji na 10,000 mAh, a rubuta lambar agajin gaggawa ta wurin. Kowace safiya a gaya wa mai masauki hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. Ku yi alkawari a tsakaninku: ana jiran juna a kan kowane tudu da kowace mararraba, a gangara kuma a bar tazarar tsawon keke goma.

Sabon Mahayi ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun sake zama mun gyara: masauki biyu maimakon biyar, ranakun kuma 40 da mita 600, 60 da 1,100, 30 da 300, 58 da 1,200, sai 45 da 700. Za mu sa 11 zuwa 34 duka. Saura tambaya ɗaya. Mai birkin rim ɗin nan shi ne ya fi mu rauni a tudu, yana tunanin ya bar kekensa ya yi hayar mai batir a can. Yaya kuke gani?

Bakaniken Keke ya amsa:

Shawara ce mai kyau, kuma haya a can ta fi, domin jiragen sama ba sa ɗaukar batirin da ya wuce wat-awa 160 (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), na keke kuwa yakan kama daga 400 zuwa 750. Abin lura shi ne nisan da ake rubutawa a talla na fili ne. Keken ya fi nauyi, jimilla za ta kai kilo 115 ko 120. In injin ya ɗauki rabin aikin, hawan mita 1,000 zai ci kamar wat-awa 200, ban da abin da nisan kansa zai ci. Batir mai 500 zai kai shi ranar 58 da 1,200 in ya tsaya a mataki na ƙasa ko na tsakiya, amma in ya sa mafi ƙarfi tun safe zai ƙare kafin tudun ƙarshe, ya rage da keke mai kilo 25. Ya tambayi girman batirin, ya karɓi cajar, ya tabbatar masauki zai bar shi ya yi caji. Sanyi yana rage ƙarfin batir, a kwana da shi a ɗaki. A ƙasashen Tarayyar Turai injin yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, kuma wasu gandayen suna da ƙa'ida dabam ga irin wannan keke, a duba.

Kafin ya bar wurin hayar ya ja kowane hannun birki ya ga wace taya yake kamawa. A Birtaniya hannun dama ne birkin gaba, a Amurka da yawancin Turai hannun hagu ne. In ya saɓa da abin da ya saba, ya ce a juya masa.

Ɗan Tudu ya ƙara da cewa:

Tsarin ya yi. Gyara ɗaya: rana ta huɗu ta haura mita 20 a kowace kilomita, ita ce mafi nauyi. Ku duba inda babban hawanta ya faɗo. In yana ƙarshen yini, ku juya zagayen ku bi ta ɗaya gefen don ya zo da safe, sai dai in hakan zai sa ku gangaro ta ɓangaren da ya fi tsanani. Ku kuma nemo mararraba wajen kilomita 35 inda za a iya yankewa a koma masauki ta cikin kwari, ku sa mata lokaci: in ƙarfe biyu ta yi ba ku wuce ta ba, a bi gajeriyar.